Darasi na 14: Tallafin Rage Raɗaɗi da Kuɗin Ayyukan Unguwa

Duk wanda ke zaune a wannan aji, mace ko namiji, ba sai an buɗe masa littafi ba kafin ya san rayuwa ta yi tsada. Maigida ya sani tun ranar da ya ba da kuɗin cefane aka dawo masa da rabin abin da aka saba sayowa. Uwargida ta sani tun da ta fara rage awo, girki sau uku ya koma sau biyu. Ɗan acaɓa ya sani a gidan mai, mai niƙa ya sani a bakin injinsa. Abin da wannan darasi zai ƙara muku shi ne sanin inda abin ya faro, da matakan da hukuma ta ɗauka, da kuma hanyar da kuɗin gwamnati ke bi kafin su zama kwalbati ko rijiyar burtsatse a unguwarku. Akwai lissafi kaɗan a gaba, saboda haka kowa ya ajiye fensirinsa kusa.

Inda abin ya faro

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na karɓar mulki a Abuja, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar cewa tallafin man fetur ya ƙare. Ma'anar tallafin ita ce, gwamnati tana biyan wani ɓangare na kuɗin kowace lita domin a sayar wa jama'a da araha. A shekarar 2022 kaɗai wannan biya ya ci sama da naira tiriliyan 4. Masu goyon bayan a cire shi sun ce kuɗin sun yi yawa, gwamnati har bashi take ci ta biya su, kuma wani kaso na man ana fasa-ƙwaurinsa zuwa Nijar da Kamaru da Benin inda ya fi tsada. Masu adawa kuwa cewa suka yi shi ne kaɗai abin da talaka ke mora daga arzikin man ƙasarsa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa.

Mako bai zagayo ba, litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta koma wajen naira 500. A watan Yuli ta kai 617. Zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000. Ana cikin wannan kuma, a tsakiyar Yunin 2023, Babban Banki ya daina riƙe farashin dala, ya bar wa kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a hannun gwamnati ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje, alkama ce, magani ne, kayan gyaran mota ne, sai da ya bi ta.

A nan ya kamata mu tsaya mu fahimci kalmar da kuke yawan ji a rediyo, wato hauhawar farashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ke auna ta, ta hanyar kwatanta farashin kaya na wannan wata da na irinsa a bara. A Mayun 2023 ta ce hauhawar tana kashi 22 cikin ɗari da 'yan kai. A Disambar 2024 ta kai kashi 34.8. Ta abinci kuwa ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024. Wato abincin da kika sayo naira 10,000 a tsakiyar 2023, a tsakiyar 2024 sai kin cika 14,000. Ku riƙe wannan da kyau: idan aka ce hauhawar farashi ta ragu, ba ana nufin kaya sun sauko ba ne. Gudun hawansu ne ya ragu, amma suna nan suna hawa.

Ba mai da dala ne kaɗai suka jawo tsadar abinci ba. Manoma da yawa a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja sun bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, ga ambaliyar 2022 da ta 2024 da suka cinye amfanin gona mai yawa. Hatsi ya yi ƙaranci a daidai lokacin da kuɗin ɗauko shi ya ninka.

Abin da gwamnati ta yi

Matakan da aka ɗauka su ne 'yan jarida suka raɗa wa suna tallafin rage raɗaɗi, kuma sunan ya dace, domin ya faɗi iyakar abin da suke iya yi.

Na farko da aka fara ji shi ne na ba gidaje miliyan 12 naira 8,000 duk wata har wata shida. Jama'a suka yi caa, aka janye shi domin a sake nazari. A watan Agustan 2023 aka amince a ba kowace jiha da Abuja naira biliyan 5 don sayen abinci a raba, wani kaso kyauta, wani kaso bashi da jihar za ta biya, tare da tireloli biyar-biyar na shinkafa. A watan Oktoba aka ƙaddamar da shirin tura naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, da taimakon rancen dala miliyan 800 daga Bankin Duniya. A wannan watan ne kuma aka yi yarjejeniya da ƙungiyoyin ƙwadago cewa ma'aikatan tarayya za su riƙa samun ƙarin naira 35,000 na wata shida.

Shirin tura kuɗin bai yi nisa ba ya ci karo. A Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da ministar da ke kula da shi, aka shiga bincike. Da aka dawo da shi, sai aka gindaya sharaɗin tantance mutum da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Sunayen da ake bi ana ɗauko su ne daga rajistar marasa galihu ta ƙasa, wadda bisa ƙa'ida mutanen gari ne ke zama su nuna gidajen da suka fi kowa buƙata a cikinsu. Bari in ja kunnenku a nan, domin an cuci mutane da yawa: ba a biyan ko sisi don shiga wannan rajista, kuma babu ma'aikacin gwamnati ko na banki da ke da ikon tambayarku lambar sirri ta katin cirar kuɗi. Duk wanda ya bugo waya ya nemi ita, ɗan damfara ne.

A Fabrairun 2024, watan da mata suka tare hanya a Minna, masu gurasa a Kano kuma suka fito kan tsadar fulawa, gwamnati ta ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan ƙasa. A Yuli aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, aka kuma yafe kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da samfarerar shinkafa da ake shigowa da su. Akwai kuma shirin mai da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, da asusun ba ɗaliban manyan makarantu rance, NELFUND, wanda ya fara karɓar masu nema a Mayun 2024. Duk da haka, a farkon Agustan 2024 aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a garuruwa da dama, ta fi zafi a Arewa, har aka yi asarar rayuka.

Maƙwabtanmu na Nijar suna da nasu salon da suka daɗe a kai: hukumar OPVN takan saye hatsi da kaka ta ajiye, idan rumbunan jama'a suka yi ƙasa kafin sabon amfani ya iso, ta fito da shi ta sayar da rahusa. Abin lura a nan shi ne, tun kafin yunwa ta zo an san wa zai sayar, a ina, kuma a wane lokaci.

Mu ɗauki fensir

Biliyan 5 kuɗi ne masu cika baki. To amma mu raba su mu gani. Ƙidayar 2006 ta ce jihar Kano tana da mutum miliyan 9 da dubu 400, kuma kowa ya san an ƙaru sosai tun daga lokacin. Ko da wannan tsohon adadi muka yi aiki, 5,000,000,000 a raba wa 9,400,000 zai ba kowane mutum wajen naira 530. A watan da aka amince a ba da kuɗin, naira 530 ba ta sayen litar mai ɗaya.

Ga na biyu. Lokacin da lita take naira 200, albashin 30,000 yana sayen lita 150. Da lita ta kai naira 1,000, albashin 70,000 lita nawa zai saya? Ku rubuta amsar. Za ku ga albashi ya ninka har da ɗori, amma abin da yake saye bai kai rabin na da ba. Sannan ku duba cikin ajin nan, mutum nawa ne ke ɗaukar albashin gwamnati? Manomi da mai awara da tela da ɗan dako babu wanda ya ƙara musu komai.

Ban kawo wannan lissafi don a raina tallafi ba. Gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, kwano biyu na shinkafa a wurinsu rai ne, kuma haƙƙinsu ne a kan hukuma ta kai musu shi cikin mutunci. Na taɓa tsayawa a wata makarantar firamare inda ake irin wannan rabo. Tsofaffi sun yi layi tun hantsi, aka fasa buhuna ana auna musu da kwano, la'asar ba ta yi ba kaya suka ƙare, fiye da rabin layin suka juya hannu wofi. Har yau ina jin ciwon abin. A Legas, wurin sayar da shinkafar kwastam mai rahusa, da kuma a Keffi, wurin raba wa ɗalibai abinci, turmutsitsi ya ci rayuka a farkon 2024. Rabon abinci ba laifi ba ne, amma buhu yana ƙarewa, kuma ranar da ya ƙare farashin kasuwa yana nan inda aka bar shi.

Kuɗin da ke ɓoye a cikin kwano

Idan kika sayi kwanon masara, ba masara kaɗai kika biya ba. A cikin kuɗin akwai taki, akwai man injin ban-ruwa idan noman rani ne, akwai ladan ɗan dako da la'adar dillali, akwai kuma kuɗin mota tun daga bakin gona har kasuwa. Wannan na ƙarshe shi ne wanda aikin ƙaramar hukuma zai iya taɓawa kai tsaye.

Mu yi misali, alƙaluman na koyon lissafi ne kawai. A ce akwai ƙauye mai nisan tafiyar awa ɗaya daga bakin titi. Idan hanya tana da kyau, mota takan shiga ta ɗauko buhu a kan naira 1,500. Damina ta zo, ruwa ya cinye mashigi saboda babu kwalbati, mota ta daina shiga, sai babur ko amalanke, buhu ya koma 3,500. Bambancin 2,000 ne. Buhu yana cin kwano 40, ke nan kowane kwano ya hau da naira 50. Gidan da ke cin kwano ɗaya a rana ya yi asarar naira 18,250 a shekara saboda mashigi ɗaya. Manomin ma bai tsira ba, domin ɗan kasuwar da ya sha wuyar shigowa zai taya kayan da arha. Mai tumatir da mai albasa kuwa, kwana biyu a kan hanya ya ishi kayansu su ruɓe. Ban ma yi maganar mace mai naƙuda da za a ɗora a kan babur a bi da ita wannan hanya ba.

Haka ruwa. A ce gida yana sayen jarka huɗu a rana a hannun 'yan garuwa, kowace naira 100. A wata ya kashe 12,000. Naira 75,000 ɗin nan ta tallafi, wato 25,000 sau uku, idan ma gidan ya dace ya same ta duka, kuɗin ruwan wata shida ne da 'yan kwanaki. Rijiyar burtsatse ɗaya mai aiki da hasken rana, idan ana kula da ita, za ta ɗauke wa gidaje da yawa wannan nauyi shekara da shekaru, ta kuma mai da yaran da ke yini a layin famfo makaranta. Ɗakin shan magani da ke da ma'aikaci da magani a cikin mazaɓa yana hana kuɗin mota zuwa babban asibiti. Magudanar ruwa da aka yashe kafin damina tana hana rushewar katanga da zazzaɓin sauro.

A ganina, a nan ne maganin tsadar rayuwa mai ɗorewa yake, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa, domin kwalbati ba ya tara jama'a kamar yadda tirelar shinkafa ke tarawa.

Ta ina kuɗin aiki ke zuwa?

Kuɗin mai da na kwastam da harajin kamfanoni suna taruwa a Asusun Tarayya. Duk wata kwamitin rabo, wanda ake kira FAAC, yana zama ya raba su. Bayan an cire kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai ga jihohin da ake haƙo su, cikin kowace naira 100 gwamnatin tarayya tana ɗaukar naira 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Harajin sayen kaya na VAT yana da nasa tsarin rabo daban.

Alƙawarin da aka yi lokacin cire tallafi shi ne, kuɗin da ake zubawa a mai za su dawo wannan asusu a yi wa jama'a aiki. Kuma rabon ya ƙaru. A watannin da suka gabaci cirewar, abin da ake rabawa a wata yana wajen naira biliyan 700. A 2024 kowane wata ya haura tiriliyan ɗaya. Gaskiya ne siminti da rodi da kwalta su ma sun hau, naira ba ta da ƙarfinta na da. Duk da haka, wanda ya ce muku babu abin da ya ƙaru a kason jiharku ko na ƙaramar hukumarku bai faɗi gaskiya ba. Ana buga waɗannan alƙaluma duk wata, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a shafin intanet na Hukumar Ƙididdiga, jaridu ma suna kawowa.

Me ƙaramar hukuma ya kamata ta yi da nata kason? Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa: hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kasuwanni da tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa. Sannan tana da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma, har da ilimin manya. Wannan ajin yaƙi da jahilci da kuke zaune a ciki, sunansa yana cikin kundin.

To me ya sa sakatariyoyi da yawa suka zama kufai, ba a ganin kowa sai ƙarshen wata? Babban dalili shi ne asusun haɗin gwiwa. Sashe na 162 na kundin ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su sauka a wani asusu da jiha ke riƙe da shi, daga nan a miƙa musu. Shekara da shekaru ana kuka cewa gwamnoni suna riƙe kuɗin su kashe yadda suka ga dama, suna kuma naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe. Kantoman da gwamna ya naɗa kuwa ba zai iya buɗe baki ya nemi haƙƙin garinsa ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma waɗanda aka zaɓa kaɗai, ban da na riƙo. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri da ja-in-ja. Ko da an aiwatar da shi gaba ɗaya, kuɗi ba sa zama aiki don kawai sun canza hannu. Ciyaman ma mutum ne, yana buƙatar ido a kansa kamar yadda gwamna ke buƙata. Amfanin dai shi ne, shi kun san gidansu, kuna haɗuwa a masallaci da wurin jana'iza.

Akwai wasu ƙofofin. Dokar 2004 ta ware wa ilimin matakin farko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, a hannun hukumar UBEC. Amma jiha ba ta samun kuɗin gina ajujuwa sai ta ajiye nata daidai da wanda za a ba ta, kuma hukumar ta sha kokawa cewa biliyoyi suna kwance jihohi ba su zo sun ɗauka ba, alhali yara suna karatu a ƙasa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari don lafiya a matakin farko, ana tura wani kaso zuwa asusun asibitin da aka zaɓa a kowace mazaɓa, kwamitin ci gaban mazaɓa kuma yana da hannu wajen sa ido. Sai ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya, waɗanda aka saba ware wa naira biliyan 100 a kasafin kowace shekara. Idan kun ga rijiya da hoton ɗan majalisa a jikin tankinta, ku gode masa da ya kawo ta garinku, amma ku sani da kuɗin baitulmali aka haƙa ta. Tun 2019 hukumar ICPC take bin sawun irin waɗannan ayyuka, kuma ta gano waɗanda aka biya ba a yi ba, da kayan aiki da aka ɓoye a hannun wasu maimakon a miƙa wa jama'a.

An taɓa bin wannan hanya

Dattawan ajin nan za su tuna. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙara kuɗin mai daga naira 3.25 zuwa naira 11, ta kafa asusun PTF don a yi aiki da rarar, Janar Muhammadu Buhari ya shugabance shi. Har yau akwai masu nuna titi ko ginin asibiti su ce wannan na PTF ne, ko da yake bayan an rushe shi a 1999 an yi ta ce-ce-ku-ce kan yadda aka kashe kuɗinsa. A Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta sa aka dawo da ita 97, aka kafa SURE-P da irin wannan manufa. Kafin su duka akwai DFRRI ta 1986, zamanin Janar Babangida, mai buɗe hanyoyin karkara da haƙa rijiyoyi. Da yawa cikin waɗannan ayyuka sun mutu tun kafin su tsufa, domin daga sama aka kawo su, babu wanda aka damƙa wa amanar gyara. Famfon tuƙa-tuƙa yakan tsaya saboda ƙarfe ɗaya, ya shekara biyar yara suna wasa a kansa.

Shirin CSDP, wanda aka fara a 2009 da tallafin Bankin Duniya, ya bi wata hanya daban. A lokacinsa, mutanen gari ne ke zama su zaɓi aikin da suka fi so, su naɗa kwamiti a cikinsu, su kawo kashi ɗaya cikin goma na kuɗin, ko da yashi ne ko ƙwadago, su kuma riƙe littafin kashe kuɗi da hannunsu. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Aikin gayya ne aka sa masa takarda da asusun banki. Inda mutane suka zuba guminsu a ginin, ba sa zuba ido ya lalace.

Naku aikin

Kafin hukuma ta kashe kuɗi sai sun shiga kasafi, kasafi kuma ana tsara shi ne a watannin ƙarshen shekara. Wanda ya kai kukansa bayan an rufe, sai ya jira baɗi. Saboda haka ƙungiyar unguwa ko ta mata ko ta manoma ta zauna da wuri, ta tsayar da buƙata ɗaya ko biyu, ba goma ba, ta rubuta, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, a kai wa kansila da sakatariya. A yi kwafi biyu, a sa magatakarda ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku, ku ajiye. Maganar baki iska ke ɗauke ta. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta kuma ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi sanin nawa aka ware wa aiki da wanda aka ba kwangilarsa, ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ba rashin kunya ba ne tambaya, kuma ba sai an yi ta da faɗa ba. A je da ladabi, a je da yawa, a kuma koma idan an ji shiru.

Ga abin da za ku tattauna da malaminku kafin a tashi:

1. Gidaje miliyan 15, kowane ya karɓi naira 25,000 sau uku. Nawa ne jimillar kuɗin?

2. A unguwarku ko ƙauyenku, wane aiki ɗaya ne idan aka yi shi zai fi rage muku kashe kuɗi kullum? Mata su fara faɗin nasu kafin maza, sannan a kwatanta. Idan amsoshin sun bambanta, a nemi dalili.

3. Akwai rijiya ko famfo ko aji da ya lalace kusa da ku? Wa aka damƙa wa kula da shi ranar da aka buɗe shi?

Kafin zama na gaba, kowa ya zagaya ya nemi allon aiki ɗaya na gwamnati, irin wanda ake kafawa a bakin gini ko hanya. Ku kwafo abin da ke jiki: sunan aikin, hukumar da ta ba da shi, ɗan kwangila, da shekara. A ƙasa ku rubuta abin da idonku ya gani, an gama, ana kai, ko an watsar. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya tafi da ɗansa ko jikarsa su taya shi. Ku zo da takardun, da su za mu rubuta wasiƙarmu ta farko zuwa ga kansila.